Zafin Inji a Motocin Rimot Masu Hawa Dutse

Sana'ata gyaran kayan lantarki ne, kuma cikin 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya fara zuwa teburina: ƙananan motocin rimot masu hawa duwatsu. Waɗannan sun wuce motocin wasan yara da ake saye da Sallah. Irin su TRX-4 ta kamfanin Traxxas da ta fito a 2017, ko SCX10 ta Axial, an ƙera su ne a kan kashi ɗaya bisa goma na girman motar gaske, da giya da aksul da boris da komai, nauyinsu yakan kai kilo uku ko fiye. Harkar ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Sin, amma samarinmu da ma wasu magidanta sun fara odarsu ta intanet, da kuɗi masu ciwo. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini, cuta ɗaya ce ta kwantar da su, wato zafi. Ko dai injin ya ƙone, ko na'urar sarrafa gudu, wadda masu harkar ke kira ESC, ta mutu. Abin yana damuna ƙwarai, domin kusan duk asarar da za a iya kauce mata ce, ga shi kayan gyaran sai an jira makonni kafin su iso.

Maganar da na fi ji daga bakin masu motocin ita ce, "Malam, ai ba gudu nake yi da ita ba, a hankali take tafiya." Gaskiya suke faɗa, kuma a nan matsalar take. Injin lantarki idan yana juyawa, shi da kansa yana haifar da wata wuta da ke tunkuɗe wadda batir ke turo masa. Gwargwadon saurin juyinsa, gwargwadon ƙarfin wannan tunkuɗewar, shi ya sa injin da ke gudu sakaka bai cika jan wuta ba. Da zarar juyin ya ragu saboda nauyi, tunkuɗewar ta yi rauni, sai wuta ta kwararo cikin kwayil. Idan kuwa taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, injin ya tsaya cak alhali kana danne da kunamar rimot, to babu abin da ya rage yana tare wutar sai siririyar wayar kwayil ɗin, kuma duk abin da batir ya bayar zafi yake zama, tunda babu motsi. Duk wanda ya taɓa ganin fankar ɗaki da boris ɗinta ya cije, tana gurnani ba ta juyawa har kwayil ya yi wari, ya ga abin da nake nufi.

Lissafin ma ba shi da sassauci. Zafin da waya ke fitarwa yana tafiya ne da ninkin wutar sau kanta: wutar ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Sannan jan ƙarfen da ake naɗa kwayil da shi yana ƙara taurin kai ga wuta idan ya ɗumama, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Kwayil ɗin da ya tashi daga digiri 20 zuwa 80 ya ƙara kusan kashi ɗaya bisa huɗu ke nan, don haka ƙarfin jan da yake bayarwa da safe, yanzu sai ya fitar da zafi fiye da na ɗazu kafin ya ba da shi. Motar tsere tana samun sauƙi ta wajen iska, domin gudunta yana hura mata. Mai hawa dutse kuwa tafiyar hawainiya take yi, a rufe cikin murfin roba. Injina da yawa masu lamba 550 suna da 'yar fanka a ciki, amma a jikin sandar injin take, idan injin bai juya da sauri ba ita ma hutunta take yi.

Da na buɗe injin da zafi ya kashe, wari ne ke fara sanar da ni, warin ƙonannen fenti mai kama maƙogwaro. Wayar kwayil da ya kamata ta riƙa sheƙi ja-ja ta koma baƙa ƙirin, fentin da ke raba wannan zagaye da wancan ya dare, ina taɓa shi da tsinke yana zubowa kamar toka. Wurin da burushin kabon ke gogawa ya yi shuɗi-shuɗi, ramukan tsakaninsa sun cike da garin kabon. Wani lokaci robar da ke riƙe burushin ta narke ta karkace, sifirin ɗin da ke danna shi ya saki. A wasu ma nakan tarar da dalmar da ta riƙe waya ta narke ta yi tsalle ta manne a jikin gwangwani, ita kuwa dalma irin wadda muke aiki da ita sai zafi ya kai wajen digiri 183 take narkewa. Mai motar zai rantse cewa da ya taɓa injin bai ji ya kai haka ba, kuma ban musa masa. A injin burushi kwayil yana can ciki a kan sandar da ke juyawa, iska ce tsakaninsa da gwangwani, saboda haka abin da hannu ke ji a waje kullum yana ƙasa da abin da ke faruwa a ciki, kuma yana makara kafin ya iso.

Wannan ya sa nake matsa wa kowa ya mallaki ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake haskawa daga nesa. A lura, irin wanda aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin korona an saita shi ne don zafin jiki, yawanci ba ya wuce digiri 43 sai in yana da maɓallin auna abubuwa. Na masu aikin lantarki ake so. Kuma ƙarfe mai ƙyalli yana yaudarar irin wannan ma'auni, ya nuna ƙasa da gaskiya. A manna ɗan baƙin salatif a jikin injin, a riƙa haska wurin. Ƙa'idar da masu harkar suka fi yarda da ita, ni ma ita nake bi, ita ce kada gwangwanin inji ya wuce digiri 70. In ya kai, a tsaya. A bidiyoyin Amurka za ka ji ana cewa 160, wannan a ma'aunin Faranhait ne, daidai yake da 71 a namu. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗora yatsa: in bai iya barinsa na daƙiƙa uku zuwa biyar ba, injin ya yi zafi da yawa. Lokacin aunawa kuma yana da muhimmanci. Bayan minti biyar da fara tuƙi a auna, bayan wasu biyar a sake, a ga ko zafin ya tsaya wuri ɗaya ko hawa yake ta yi.

Akwai abin da masu ba da shawara daga waje ba sa sakawa a lissafi, domin bai dame su ba. Inji ba ya farawa daga sifiri, daga zafin garin yake ɗorawa. A ce wani saiti yana ɗaga zafin inji da digiri 45. Mai tuƙi a Ingila ko Jamus da rana mai digiri 20 zai tsaya a 65, lafiya lau, ya ɗauki bidiyo ya ce saitin nan ba ya zafi. Kai da ka kwafi saitinsa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, da rana tana kai digiri 40, kana kan 85 ke nan. Wannan ma a inuwa aka auna. Dutsen da rana ta wuni tana dukansa ya fi iska zafi nesa ba kusa ba, motar kuma cikinta kusan a kansa yake gogawa, ga murfi baƙi ko mai duhu yana tara nasa daga sama. Duk saitin da ka gani daga ƙasar sanyi, ka sassauta shi kafin ka fita da shi, kuma a watannin bazara ka mai da wasanka safiya ko bayan la'asar.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka kawo mini mota mai zafi, ba na fara maganar fanka sai na gano inda zafin ke fitowa, kuma wurin farko da nake dubawa shi ne yatsan mai ita. Wani saurayi ya kawo tasa da injin da bai daɗe da sauyawa ba, na ce ya tuƙa ta a kan tarin bulo da ke bayan shago in gani. Tayar gaba ta shige rami, ta baya ta tokare da bulo, motar ta tsaya. Maimakon ya saki, sai ya ƙara danna kunama, motar tana kuka tana karkarwa, shi kuma yana jiran ta ɓalle. Na ce, "Ƙanina, saki haka nan. Ja da baya ka sake layi." Ya ce, "Yaya, ai saura kaɗan ta haye." Na ce masa wannan saura kaɗan ɗin shi ke cin injinsa. In taya ta daina juyawa, daƙiƙa biyu sun isa ka gane ba za ta wuce ba. Ƙwararrun masu hawa dutse da dabarar zaɓen hanya suke hayewa, su ɗora taya a inda za ta kama, totur kaɗan ya ishe su.

Bayan yatsa sai giya. A kan sandar inji akwai ƙaramin giya da ke juya babba. A TRX-4 mai giyan gudu da na hawa, alal misali, ƙaramin haƙora 11 gare shi, babban 45. Mutane suna son ƙara haƙoran ƙaramin don motar ta ƙara sauri, ba su san sun ɗora wa injin kaya ba. Rage haƙori ɗaya ko biyu yana sa injin ya riƙa juyawa da sauri a kan tafiya iri ɗaya, ya ja wuta kaɗan, kuma a wurina shi ne gyara mafi arha da ya fi saurin nuna sakamako. Mai mota mai giyan gudu da na hawa kuma ya daina hawa dutse ko ratsa yashi mai zurfi da giyan gudu. Haka batun yawan naɗin kwayil, lambar da ake rubutawa da harafin T a jikin inji. Mai naɗi 35 ko 45 ko 55 ba shi da sauri, amma ba ya haɗamar wuta, shi ya sa aka fi sa su a wannan aiki. Wanda ya ciro injin tsere mai naɗi 12 ya ɗaura a motar dutse ba tare da ya sauke giya sosai ba, ya shirya sayen wani. Batir ma haka: tashi daga mai ɗaki biyu, bolt 7.4, zuwa mai ɗaki uku, bolt 11.1, ƙari ne na rabi, kuma in taya ta maƙale kana danne da kunama har ƙarshe, zafin zai ninka fiye da biyu. Batir mai ɗaki uku ba laifi ba ne in injin da ESC an yi su don shi, sai dai a haɗa shi da ƙaramin giya mai ƙarancin haƙora.

Sai kwalliya. Na san daɗin ganin mota da manyan tayoyi, da nauyin tagulla a ƙafafu don kada ta kife, da jarkoki da taya safaya da akwati a bisa rufi. Kowane ɗaya daga cikinsu injin ne ke ɗaukarsa. Babbar taya kuwa daidai take da ƙara giya, ko da ba ka taɓa haƙori ɗaya ba. In ka ƙara nauyi ko girman taya, ka sauke giya a ranar.

Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne cijewa a cikin hanyar juyi, kuma a kansa na fi ɓata lokaci. Nakan cire ƙaramin giya daga inji, in ɗaga motar, in juya tayoyi da hannu. Ya kamata su juya sumul. In na ji wani wuri yana kamawa yana saki, sai in bi shi aksul bayan aksul. Sau da yawa busasshiyar ciyawa ce ko zaren buhu ko gashi ya naɗe a bayan taya har ya zama kamar igiya, wani lokaci sai da reza nake yanke shi. Wani lokaci goron taya ne aka ɗaure fiye da kima ya matse boris. Wanda ya shiga ruwa da damina bai bushe motar ya sa mai ba, boris ɗinsa zai yi tsatsa ya riƙa ƙara kamar ana taka tsakuwa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga giris ta mai da shi laka mai cin ƙarfe. Haɗuwar ƙaramin giya da babba ma tana da ƙa'ida: a sa siririyar takarda tsakaninsu, a matsa, a ɗaure, a zare takardar, ya zama akwai ɗan wasa kaɗan da za ka ji da yatsa. In an matse su ƙam, injin zai yi zafi ko a tsakar gida kake tuƙi. A ƙara da cewa aksul ɗin waɗannan motoci galibi a kulle yake, tayar hagu da ta dama tare suke juyawa, wasu ma suna sa na gaba ya fi na baya sauri don hawa. A kan dutse da ƙasa tayoyin suna ɗan zamewa su huce, amma a kan kwalta ko siminti kokawa suke yi da juna, injin ke biyan kuɗin.

Ita ESC nata zafin ta hanyoyi dabam yake zuwa. A cikinta akwai ƙananan makunnai na lantarki da ke kunna wuta suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma kowace kunnawa tana barin ɗan zafi. A irin QuicRun 1080 ta Hobbywing, wadda ta yi suna a wannan harka, ana iya zaɓar saurin kunnawar daga dubu ɗaya har dubu goma sha shida a daƙiƙa. Na sama ya fi laushin tafiya da rashin ƙara, amma ya fi ɗumama na'urar, don haka in tana zafi a sauko da shi mataki ɗaya. Akwai kuma birkin da ke kamawa da kansa idan ka saki kunama, wanda ke hana motar gangarowa daga kan dutse. Yana da amfani a wurin hawa da sauka, sai dai duk ƙarfin da ya tare a cikin kwayil da ESC yake ƙarewa. Barinsa a ɗari bisa ɗari kana yawo a fili yana nufin duk sakin kunama birki ne mai ƙarfi, duk dannawa kuma tashi ne daga tsaye.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne injin sitiyari. A yawancin motoci daga cikin ESC yake samun wutarsa, ta wani sashe da ke rage ƙarfin batir zuwa bolt 6 ko 7.4, kuma sashen nan amfiya uku ko makamancin haka yake iya bayarwa a na'urori da yawa. Mutum ya sayo injin sitiyari mai ƙarfin kilo 25 ko 35 ya jona, taya ta tokare da dutse, yana ta murɗa sitiyari. Sai ka ga injin tafiya da sanyinsa, ESC kuwa ba ta taɓuwa, wani lokaci fitilu su yi ƙyaftawa, motar ta ɗauke na ɗan lokaci. Maganinsa a ba injin sitiyarin nasa mai rage wuta daban kai tsaye daga batir, sannan a saita iyakar juyawar sitiyari a rimot don kada ya riƙa tura ƙarfe bayan ya kai ƙarshe. In kana jin yana ƙugi alhali ka murɗa har iyaka, wuta yake sha a banza. A duba mahaɗar batir ma. Tsohuwar farar mahaɗar nan samfurin Tamiya tana saki da tsufa ta riƙa zafi, XT60 ko Deans sun fi ta riƙo. Duk mahaɗar da ka taɓa ka ji ta fi wayarta zafi, akwai sako-sako ko dalmar da ba ta kama ba.

Yawancin ESC na kirki suna yanke wuta da kansu in zafin cikinsu ya yi yawa, a na Hobbywing da dama wajen digiri 105 ne. Ina roƙon masu motoci, in ta yanke kada a kashe a kunna a ci gaba. Kuma a sani wannan kariya kanta take karewa. A tsarin burushi ba ta da labarin halin da injin ke ciki, yana iya ƙonewa ita tana lafiya.

Masu injin da ba shi da burushi suna da sauƙi ta wani gefe, tunda ba gogayyar kabon, kuma a irin wanda sandarsa ke juyawa a ciki kwayil yana manne da gwangwani, zafi yana fita da wuri. Amma mayen ƙarfen da ke cikin irin wannan inji mai ƙarfi ne mara juriya. Nau'insa na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, akwai masu jure fiye da haka, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko injin ya huce. Alamarsa injin ya ƙara sauri in an ɗaga motar sama, a ƙasa kuwa ya rasa ƙarfin ja, ya riƙa zafi fiye da da. Sababbin tsare-tsare irin Fusion, da aka haɗa inji da ESC a gwangwani ɗaya, suna riƙe saurin taya daidai ko nauyi ya ƙaru, ta hanyar ƙara wuta da kansu. Tuƙinsu akwai daɗi, amma kunnenka ba zai ji injin yana wahala ba kamar yadda ake ji a na burushi, don haka su suka fi bukatar ma'auni.

Sai an gama duk wannan nake kawo maganar fanka da faifan alminiyam mai haƙarƙari da ake ɗaura wa inji. Suna taimakawa, musamman a yanayinmu. Faifan shi kaɗai a cikin rufaffen murfi aikinsa kaɗan ne, sai da iska mai ratsa shi, don haka 'yar fanka mai faɗin milimita 30 a kansa ta fi amfani, tare da huda murfin ta inda ba zai ɓata kyau ba, ko cire gilashin tagogi. A tabbata faifan bai toshe ramukan shan iskan injin ba. ESC kuma a ɗaura ta inda iska ke wucewa, nesa da inji, kada a naɗe ta cikin leda ko balan-balan don tsoron ruwa. Fanka tana jawo ƙura, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta karya mata fiffike, saboda haka a riƙa duba ta ana share haƙarƙarin da busasshen buroshi. Masu zuba wa inji ruwan leda don ya huce su daina: gwangwani ne kawai ke yin sanyi, cikin yana nan da zafinsa, ruwan kuma ya wanke man boris ya bar tsatsa. Cire murfi a ajiye motar a inuwa na minti goma ya fi.

In batir ya ƙare, kada a cusa wani nan take, a bar injin ya sauko tukuna. Batirin, irin wanda ake kira LiPo, shi ma a taɓa shi. Bai kamata ya wuce digiri 60 ba, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki, a daina cajinsa. Kada a bar shi cikin motar gaske a rufe a rana, kada a sa shi caji yana da zafi ko a tafi a bar shi ba kowa, domin irinsa in ya kama wuta yana da wuyar kashewa. Wanda zai ajiye shi fiye da 'yan kwanaki ya sauke kowane ɗaki zuwa bolt 3.8, yawancin cajojin harkar suna da maɓallin yin hakan.